Libarbar Malamin Dabbobi

Ranar Laraba bayan la'asar, Amadu makiyayi ya shigo Unguwar Dinya a guje, da Malam Zakiyyu saɓe a kafaɗarsa, jini ya jiƙe masa riga har gwiwa. Kafin ya kai bakin masallaci jama'a sun kewaye shi. Aka sauke tsohon a tabarma, aka ga ramin harsashi a cinyarsa ta hagu, ɗan ƙarami, wanda kan yatsa zai toshe. An ɗaure saman raunin da rawaninsa, tamau. Bai san inda kansa yake ba. Aka samu a-kori-kura ta kwashe shi zuwa asibiti a Daura.

Motar na ɓacewa wani ya ce, "To ina bindigar?"

Babu wanda bai san bindigar ba. Malam Zakiyyu tsohon malamin dabbobi ne, kuma wani Baturen likita da ya yi wa aiki a ƙuruciya ne ya bar masa ita da takardarta lokacin da zai koma ƙasarsu. 'Yar ƙaramar libarba ce, harsashinta bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ta tashi sai an ɗana ƙarfen bayanta da babban yatsa kafin kowane harbi. Tun rasuwar matarsa ya koma zama shi kaɗai a lambunsa na bayan gari. Yakan jera gwangwanayen madara a kan katanga ya yi ta harbinsu da yamma. Shi ya sa da aka ji ƙara ran nan, babu wanda ya ɗaga kai.

Aka je lambun, babu bindiga, shanun Amadu ne kawai a ciki suna cin ganyen mangwaro. Sai aka tuna cewa a damina Malam da Amadu sun yi cacar baki a kan waɗannan shanu. Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar, kowa ya iya maganar haddi da ƙisasi. Masu cewa hannu za a yanke, masu cewa idan tsohon ya mutu sai rai. Da ƙyar Mai unguwa Nagoggo ya janye Amadu cikin zaurensa ya rufe ƙofa. Ya aika Sandamu a faɗa wa 'yan sanda, sannan ya aika a kira Ɗantsoho.

Ɗantsoho mai bin sawu ya haura shekara sittin. Gidansa ne na ƙarshe ta gabas. Matarsa Ummukulsum ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa mata biyu suna aure a nesa. Idan akuya ta ɓata ko an fasa rumbu ana tunawa da shi. Idan ba haka ba, yakan yi kwana uku bai yi magana da kowa ba sai amsa sallama a masallaci. Shi da Malam Zakiyyu ba za a ce abokai ba ne. Amma wani lokaci yakan je ya zauna a gindin lemun tsami yana kallon harbi, su sha shayi, kowa ya yi shiru, magariba ta raba su.

Washegari da hantsi ya shiga lambun shi kaɗai. Shanu sun tattake ƙasa, sawun mutanen gari kuma ya hau kan na shanu. Ya zaga sau biyu bai samu komai ba. Daga nan ya nufi gindin lemun, inda rassa masu ƙaya suka sauko ƙasa, shanu ba sa kusanta. A nan ne Malam ya binne wani dogon dutse, alamar inda yake tsayawa, taku ashirin daga katanga.

Ya durƙusa. A bayan dutsen akwai sawun ƙafa biyu, babu takalmi, ƙanana, a jere, yatsun sun nutse a ƙasa kamar na wanda ya daɗe a tsaye. Daf da bayansu akwai sawun silifas ɗin Malam, ya san su da yankan da ke dunduniyar dama. Daga nan sawun Malam ya zagaya ya nufi katanga, a hankali, taku irin na mutumin da ba ya tsoron komai a bayansa. Gwangwani huɗu na kan katanga, ɗaya a ƙasa, babu huda a jikinsa.

Ya daɗe a durƙushe. Ya auna sawun da tafin hannunsa, ya kifa wata tsohuwar ƙwarya a kansa, ya fita.

A zauren Mai unguwa ya tarar da Amadu a zaune a ƙasa, har yanzu da rigar jiya. Dogo ne, ƙafafunsa cikin takalmin roba.

Ɗantsoho ya ce, "Cire takalminka."

Ya cire. Ƙafa ce doguwa, mai faɗi, ta yi kaushi.

"Yaya ka same shi?"

"Baba, ina tafe a burtali zan kai su rijiya. Sai na ga ƙyauren lambu a buɗe, wangale. Malam bai taɓa barinsa a buɗe ba, saboda ni ma yake rufewa. Shanu suka afka. Na bi su in koro, na gan shi kwance a gindin katanga."

"Kai ka ɗaure masa ƙafa?"

"Wallahi a ɗaure na same ta. Na faɗa jiya, na faɗa, ba wanda ya saurare ni. Wai wa zai harbi mutum kuma ya tsaya ɗaure shi."

"Ka ga wani?"

Amadu ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Baba, shanuna tun jiya ba su sha ruwa ba. Ba ni da kowa a ruga sai tsohuwata."

Ɗantsoho bai yi masa alkawarin komai ba. Amma da ya fita ya bi ta rijiya, ya roƙi masu jan ruwa su shayar da su.

Da azahar ya hau babur zuwa Daura. A barandar asibiti ya samu Musaddiq, ɗan Malam guda ɗaya, wanda ke aiki a Kano. Ya iso da safe, idanunsa sun yi ja. Ya ce likita ya ce jini ya zuba da yawa, da ba a ɗaure ƙafar ba da tun a hanya an rasa shi.

"Sau nawa na ce wa Baba ya miƙa wannan abu ga hukuma, ya zo Kano mu zauna? Sai ya ce shi da ita sun saba. Mutum ya saba da ƙarfe?"

"Wa yake bari ya taɓa ta?"

"Babu. Ni kaina ban taɓa riƙe ta ba." Ya ɗan tsaya. "Sai Jibril masassaƙi. Shi ke yi mata ƙota. Na sha jinsa yana cewa duk ƙasar Daura babu irinta. Ku bincike shi, Baba. Ɗan guntun mutum ne, amma idonsa na kanta."

Ɗan guntun mutum. Ɗantsoho ya tuna sawun da ya rufe da ƙwarya. Ya leƙa ɗakin, ya ga Malam kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, bakinsa a buɗe. Bai shiga ba.

Rumfar Jibril na bakin hanyar Sandamu, cike da ƙotocin fartanya da turamen da ba a gama ba. Tun daga nesa Ɗantsoho ke kallon ƙasa. Ƙafar Jibril ƙarama ce, gaskiya, sai dai ta dama a karkace take tun haihuwa, gefenta kawai ke taɓa ƙasa. Wannan ƙafa ba za ta bar sawu biyu a jere daidai ba. Duk da haka ya zauna a kan wani gungume.

Jibril ya ce, "Na san abin da ya kawo ka, Malam Ɗantsoho. Jiya wuni na yi a Sandamu, ka tambayi kowa."

"Na yarda. Ba ni labarin bindigar."

Fuskar masassaƙin ta sake. Ya ce shekara goma sha biyar ke nan yana yi mata aiki. Ƙotar da Bature ya bari ta baƙar roba ce, ta tsage. Shi ya sassaƙa mata ta farko da itacen kanya, ɓari biyu, ya goge ta da man gyaɗa har tana sheƙi. Daga baya Malam ya ce tana zame masa idan ya yi gumi, aka yi mata zane irin na ƙwarya. Kunamar bindigar kuwa Malam da kansa ya yi ta gogawa har ta yi laushi, taɓawa kaɗan ta tashi.

"Hannunsa kamar faranti, ka sani. Kullum ƙorafinsa ƙota ta yi masa siriri, in ƙara kauri. Shi ya sa na yi mamaki da aikin ƙarshe."

"Wane aiki?"

Jibril ya shiga ciki ya fito da abu biyu. Ɗaya tsohuwar ƙotar kanya ce, mai kauri, an haɗa ɓarinta biyu da zare. Ɗayar ta farin itace ce mai taushi, gwajin da yakan fara sassaƙawa kafin ya taɓa itacen kirki. Ba ta kai rabin ta farko ba.

"Mako uku da suka wuce ya zo ya ce in yi masa sabuwa, siririya. Ya kawo awo da igiyar rama, an ƙulla ta wuri biyu. Na ce, Malam, wannan ai ɓacewa za ta yi a hannunka. Ya ce in yi aikina."

Ɗantsoho ya karɓi gwajin ya damƙa. Yatsunsa suka zagayo har suka soki tafinsa. Ya juya ta, ya sake damƙawa.

"Ara mini su biyun zuwa gobe."

A hanyar komawa bai bi ta cikin gari ba. Tsakanin lambun Malam da burtali gida ɗaya ne, na Barakatu mai daddawa. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ba ta haihu ba, 'yan uwanta suna can wajen iyaka. Sau biyu a bara ɓarayi suka haura mata katanga suka kwashe awaki, na biyun har suka buge ta da sanda. Ɗantsoho ne ya bi sawun, ya ɓace masa a bakin kwalta. Tun daga lokacin yake jin nauyin haɗa ido da ita.

Ya yi sallama. Ta daɗe kafin ta fito, ta tsaya a bayan zana, rabin jikinta a waje. Ƙasar ƙofar gidan a share take tas, an yayyafa ruwa. Ta gaishe shi, ta kawo ruwa a moɗa, da hannun hagu ta miƙa, sannan ta ce ya yi haƙuri. Hannun daman na cikin mayafi.

"Kin ji ƙara jiya?"

"Kullum ana ji."

"Haka ne." Ya sha ruwan. Ta juya ta ajiye moɗar, ƙafarta ta sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya kalla sau ɗaya, ya ɗauke kai.

Ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Yaya jikin nasa?"

"Bai farfaɗo ba. Likita ya ce wanda ya ɗaure ƙafar shi ya tsayar da ransa." Ya gyara sandarsa. "Gobe da hantsi saje zai zo daga Sandamu ya tafi da Amadu. Tsohuwarsa ba ta gani sosai. Ban san wa zai riƙa kai mata ruwa ba."

Ya yi mata sai da safe tun rana ba ta faɗi ba, ya tafi gida, ya ɗumama tuwon jiya, ya kasa ci.

Ranar Juma'a da hantsi ƙofar gidan Mai unguwa ta cika. Saje ya zo da ɗan sanda ɗaya. Musaddiq ya zo daga asibiti, Jibril na tsugune a gefe, aka fito da Amadu. Mata suka taru can jikin katanga.

Ɗantsoho ya ajiye ƙotocin biyu a tabarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi harbin nan ba shigowa ya yi ya tarar da Malam ba. Malam ne ya tsayar da shi a kan dutsen da shi kansa yake tsayawa. Ya tsaya a bayansa yana nuna masa. Gwangwani ya faɗo, Malam ya tafi ya ɗauka, ya ba shi baya. Mutum ba ya ba ɓarawo baya da bindiga a hannunsa."

Wani ya ce daga cikin taro, "Ai Bafillacen ma zai iya yaudararsa."

"Sawun na nan, na rufe da ƙwarya, saje zai gani. Ƙafar Amadu ta yi biyunsa." Ya ɗauki siririyar ƙotar. "Wannan ita ce awon abin da ke jikin bindigar yanzu. Amadu, damƙa."

Ƙotar ta ɓace a hannun Amadu. Musaddiq ya karɓa, haka. Jibril ma, da ƙanƙantarsa, yatsunsa suka hau kan juna.

"Malam ya shekara goma sha biyar yana cewa a ƙara mata kauri. Mako uku da suka wuce ya sa aka rage ta haka. Ba don hannunsa ba. Ya yi wa wani ita ne, da yardarsa, don ya koya masa."

Saje ya ce, "To, Baba, waye?"

"Sawu nake bi. Suna kuwa, na fi so ya fito daga bakin mai shi."

Musaddiq ya miƙe. "Ubana na kwance tsakanin rai da mutuwa, kana ɓoye mana mutum?"

Ɗantsoho ya dogara da sandarsa. Yana kallon ƙasa. Saje ya fara taɓa ankwar da ke ƙugunsa, yana duban Amadu.

Sai matan da ke jikin katanga suka dare. Barakatu ta taho da kwanon sha a rufe, ta durƙusa gaban Mai unguwa, ta buɗe. Libarbar na ciki, naɗe da tsumma. Babban yatsanta na dama ya kumbura, farcen ya yi baƙi.

Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ni ce, ranka ya daɗe. Tun da ɓarayi suka buge ni ba na barci. Malam ya ce ba sai na harbi kowa ba, ƙarar kaɗai za ta kore su, amma sai na iya riƙe ta. Rana ta uku ke nan. Ya ɗana mini, gwangwani ya faɗo, ya ce in mayar da ƙarfen a hankali yadda ya nuna mini. Yatsana ya zame."

Ta ci gaba da cewa, "Na ɗaure shi da rawaninsa. Ba zan iya ɗaukarsa ba. Na hango shanun Amadu, na buɗe ƙyaure don su shiga ya biyo su. Sai na gudu."

Nagoggo ya ce, "Me ya hana ki yin kururuwa, Barakatu?"

Kafin ta amsa wani ya ce a baya, a hankali amma kowa ya ji, "Mace da namiji su kaɗai a lambu."

Ta ɗaga kai karon farko. "Ka ji abin da ya hana ni."

Nagoggo ya daka wa mai maganar tsawa. Barakatu ta juya wajen Amadu, ta ce ya yafe mata kwana biyun da ya yi. Amadu ya sa takalminsa, ya ce Allah ya yafe mana duka, ya bi ta tsakiyar mutanen da suka nemi hannunsa shekaranjiya, bai kalli kowa ba. Kafin sati ya zagayo ya tashi rugarsa, ya yi arewa.

Malam Zakiyyu ya farfaɗo ranar Asabar. Ya yi magana gaban saje da Musaddiq da liman: shi ya ba ta bindigar, shi ya goge kunamar har ta yi laushin da bai kamata ba, shi ya shiga gabanta. Ya ce ko ya rayu ko ya mutu ba ya neman komai a kanta, ya sa ɗansa ya maimaita a gabansu. Aka bar ta ta koma gida a hannun Mai unguwa. Bindigar ta tafi da hukuma.

Da mutane suka fita ya yafito Ɗantsoho. Muryarsa ta dushe, sai da Ɗantsoho ya sunkuya.

"Da ma kai nake shirin aikawa. Bayan Babbar Sallah. Ka je wajen 'yan uwanta ka nema mini aurenta." Ya yi numfashi. "Na yi ta jinkiri, ina jin kunya, wai tsofai-tsofai da ni. Ban taɓa faɗa mata ba."

Ya rasu ranar Litinin kafin azahar.

Kwana bakwai Ɗantsoho yana juya maganar. Idan ya faɗa, ya ƙara mata nauyi. Idan ya yi shiru, za ta ƙare rayuwarta tana ganin ta kashe maƙwabci mai tausayi ne kawai, kuma bakin mutane ya zama shi ne labarin. Babu wanda zai yi shawara da shi. A rana ta takwas ya ji cewa ƙaninta ya zo zai tafi da ita.

Ya tarar da kayanta a ɗaure a ƙofar gida, tukwanen daddawa a kife. Ƙanin ya tafi neman mota. Tana zaune a kan turmi, ta rame. Ya tsaya nesa kaɗan, ya faɗa mata yadda Malam ya faɗa, bai ƙara ba, bai rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hanyar da motar za ta ɓullo.

"Da bakinsa ya ce?"

"Da bakinsa."

"To, Malam Ɗantsoho, ɗan aike ai da amsa yake komawa." Ta gyara mayafinta. "Idan ka je maƙabarta, ka ce masa na amince."

Motar ta zo, aka loda kaya, ta tafi. Ɗantsoho ya ɗauki sandarsa ya nufi maƙabarta yamma da gari, don ya isar da saƙon tun rana na nan.